Wane kifi zan saka a ƙaramin tankin dashen murjani?

Abba Gwarinpa: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema kafin in ɓarnatar da kuɗi. Ina da tankin dashen murjani na ruwan gishiri, wato inda nake renon ƙananan yankan murjani su girma, tsawonsa santimita 90, faɗi 45, zurfi 25. Lita 100 kenan in an cika shi taf, amma da ragar robar da nake jera dashen a kai da duwatsu biyu da ke ciki ruwan ba zai wuce lita 85 ba. Babu yashi a ƙasa, gilashi ne zalla. Nau'o'in murjanin da nake renowa: zowa kala-kala, mushurum, montifora, da hama kai biyu. Nan gaba ina son gwada akurofora. Ma'aunin gishiri 1.025, zafi digiri 26.

Damuwata uku ce. Gansakuka ta fara rufe ragar da gindin dashen. Gwajin naitiret sifili yake nunawa, montiforar kuma ta koɗe. Sannan jiya da na kashe famfo na leƙa, sai na ga wasu jajayen tsutsotsi shafaffu, kamar ƙwayar riɗi, sun lafe a kan mushurum da jikin gilashi inda haske ya fi bugawa. Ga kuma uwargida ta ce ita har yau ba ta ga abin da nake tsugunawa ina kallo ba tunda babu kifi ko ɗaya. Tunanina in sa kifin tang rawaya ɗaya saboda yana cin gansakuka, da kifin kilawun biyu, masu ruwan lemo da farin zane, saboda yara. Me kuka gani?

Malam Habu Jidda: Wa alaikumus salam Abba. Tang dai cire shi daga lissafi tun yanzu. Tang rawaya, wato Zebrasoma flavescens, yana kai santimita 20 in ya girma, kai kuma zurfin ruwanka gaba ɗaya 25 ne, ragar ma ta cinye rabi. Ina zai juya? Na san abin da ya ruɗe ka, ka ga hotunan shaguna da ɗan tang yana yawo cikin tankin dashe. Waɗannan tankunan a haɗe suke da wani babban rumbun ruwa a ƙasa, kuma da kifin ya tasa sai su sayar su kawo wani ƙarami. Kai wa za ka miƙa wa in ya girma? Ga tsada: tun da kotu ta dakatar da kamun kifin ado a Hawai a 2021 farashinsa ya tashi, yawancin wanda ke kasuwa yanzu na ƙyanƙyasa ne.

Usman Port Sudan: Gaskiyar Malam ce. Mu nan Bahar Maliya muna da 'yan'uwansa, sohal da shuɗin nan mai rawayar wutsiya. In ka sa tabarau ka leƙa kan tudun murjani za ka ga sohal ɗaya ya kama fili shi kaɗai, yana kai da kawowa yana korar duk wanda ya matso, ba ya tsayawa ko na daƙiƙa. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai sa tang a lita 100 ba.

Hajiya Larai Legas: Ni kam tawa shawarar ba za ta yi maka daɗi ba ƙanena. Kada ka sa kifi kwata-kwata. Tankin dashe wurin aiki ne. In uwargida na son kifi, ka haɗa mata nata a falo.

Abba Gwarinpa: Hajiya, ko guda ɗaya?

Hajiya Larai Legas: Ko rabi. Ba ka ce za ka riƙa sayarwa da musaya da mutane ba? To ranar da kifinka ya shigo da cutar farin ɗigo, duk wani dashe da ya fita daga hannunka zai iya ɗaukar ta zuwa tankin wani. Murjanin ba ya kamuwa, amma ƙwayar cutar tana mannewa a jikin dutse da gindin dashe ta jira. Kuma ba ka da halin magani a wurin, domin maganin jan ƙarfe da ke kashe ta yana kashe murjani da katantanwa da jatan lande gaba ɗaya. Ni nawa tankunan babu kifi, shi ya sa mai saye zai ɗauka ya sa a nasa hankali kwance. Wani mai shigo da kaya ya taɓa ba ni dashe daga tankin da yake zuba sababbin kifi, bai ce da ni komai ba, babban tankina na falo ya kwashi kashinsa a hannu. Tun daga nan na raba gari da haɗa kifi da dashe.

Nura: Anti Larai tana da hujja a kan cutar, bari in ƙara bayani ga wanda bai sani ba. Sunanta Cryptocaryon irritans. Tana kwana uku zuwa bakwai a jikin kifi tana ci, sai ta faɗo ta manne a abu mai tauri ta yi ɓawo, a ciki ta rarrabu ɗaruruwa, sannan su fashe su fita neman kifi. In ba su samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu sun mutu. Matsalar ita ce wannan ɓawon yana iya jinkirin fashewa har kwana 72, shi ya sa masu harkar ke cewa a bar tanki babu kifi kwana 76.

Amma Anti, ku duba abin da Yaya Abba ya faɗa: naitiret sifili, montifora ta koɗe. Yunwa ce. Murjani yana rayuwa da wasu 'yan ƙananan tsirrai da ke zaune cikin namansa, su ke karɓar haske su ba shi abinci, su kuma suna buƙatar naitirojin da fosfet. A teku kifin da ke kwana cikin rassan murjani shi ke ba su, ta amoniyar da yake fitarwa. Tanki marar kifi, ga sikima, na'urar da ke kwashe datti da kumfa, tana aiki, ga canjin ruwa a kai a kai, ruwan sai ya wanku fiye da kima. Daga nan kuma sai dino ta shigo, wannan majinar mai ruwan ƙasa da kumfa a jiki, wadda fitar da ita ya fi na gansakuka wuya nesa ba kusa ba.

Hajiya Larai Legas: Nura ɗana, ai ba sai da kifi ake samun naitiret ba. Akwai shi a kwalba, ka auna da sirinji ka ɗiga, ka tsayar da shi tsakanin 5 da 10, fosfet wajen 0.05. Kwalba ba ta tsalle ta faɗo ƙasa, ba ta cizon murjani, ba ta kawo cuta.

Nura: Haka ne Anti, sai dai kwalba ba ta cin tsutsa 😄

Sadiq Mai Tarwada: Ni ina gefe ina kallonku. Mu da muke fama mu rage ƙazantar kifi a kandami, ku kuma saye kuke yi a kwalba ku zuba. Allah mai iko. Tambayata ɗaya, waɗannan kifayen naku ana cinsu kuwa?

Malam Habu Jidda: Sadiq, wanda za mu ba Abba duk tsawonsa bai kai ɗan yatsanka ba, ko miya ba zai ɗanɗana ba.

Hajiya, ina girmama tsarinki, kuma ga mai sayarwa da yawa irinki shi ne daidai. Amma na shekara ina kula da tankunan mutane a gidajensu, abin da na gani shi ne mai aikin ofis ba ya jure awo da ɗiga kullum. Sati biyu zai yi da zafinsa, na uku ya manta. Ciyar da kifi kuwa ko shi ya manta yara ba za su manta ba. Saboda haka ni ina goyon bayan kifi, da sharaɗi: kowanne ya shigo da aikin da zai yi, kuma kada su wuce biyu, in an matsa uku ƙanana.

Na gansakuka: bileni mai ɗigo a wutsiya, Ecsenius stigmatura. Santimita 6 ne iyakarsa, yini yake yana kankare raga da gilashi, ba ruwansa da kowa. Ka yanka masa guntun bututun roba ka ajiye a ƙarƙashin raga, zai shige da baya ya bar kai a waje yana zare ido. Kada mai shago ya ba ka bileni mai kala biyu a madadinsa, wancan wani lokaci yana tsinken naman murjani. Babban bilenin nan Salarias kuma ya yi wa tankinka girma, zai share gansakukar cikin ɗan lokaci sannan ya rame. Amma ka sani, bileni siririyar gansakuka yake ci. In ta yi gashi ta yi tsawo sai ka sa hannu da buroshin haƙori. Rabin aikin ma na katantanwa ne: turokas biyar ko shida, domin ita in ta kifa tana iya juyowa da kanta. Ka guji babbar turbo, ture dashe take yi, ka wayi gari zowa ta faɗa kan hama ta ƙone.

Kabiru Kaduna: Maganar jajayen tsutsotsin nan kuwa, kifin ras mai layi shida ne maganinsu, Pseudocheilinus hexataenia. Nawa tun da na sa shi ban ƙara ganin ko ɗaya ba. Ba ya buƙatar yashi, da dare majina yake lulluɓa da ita ya kwana a ramin dutse, ga shi bai wuce santimita 8 ba. Daidai da tankin Abba.

Malam Habu Jidda: Kabiru, shekararsa nawa a wurinka?

Kabiru Kaduna: Bai cika shekara ba tukuna Malam.

Malam Habu Jidda: To mu haɗu baɗi. Yana ƙarami salihi ne, da ya kama wuri ya zama ɗan daba. Duk kifin da ya shigo bayansa sai ya kora shi lungu ya hana shi ci, ko ya sa shi tsalle waje. A tanki mai raga kuma kama shi sai ka kwashe dashen duka. In Abba zai sa shi, to ya zama na ƙarshe da zai shiga, ya kuma ƙudurta cewa an rufe ƙofa daga shi.

Kabiru Kaduna: Ai dama biyu kuka ce Malam. Bileni ya fara shiga, mai layi shida ya biyo baya, shi kenan an rufe ƙofar. Ina matsalar?

Malam Habu Jidda: Matsalar ita ce santimita 90 babu wurin ɓuya. Ni na fi son ras rawaya, Halichoeres chrysus. Aiki ɗaya suke yi, yana bin dashe ɗaya bayan ɗaya yana karkata kai yana dubawa, amma ba shi da faɗa. Aibinsa biyu: yana kai santimita 12, ya ɗan yi wa tankin yawa, kuma dole sai da yashi domin a ciki yake nutsewa ya kwana. Dabarar ita ce ka samu robar abinci, ka zuba yashi mai laushi zurfin santimita 5, ka tura ta kusurwa. Zai gano ta da kansa.

Kabiru Kaduna: Ya kuma watsa maka yashin kan zowa kowace safiya. Ni dai ina nan kan bakana.

Nura: Akwai na uku da ba a ambata ba, damsal ɗin Springer, Chrysiptera springeri, shuɗi da baƙi, wajen santimita 5. Mutane da yawa sun ce yana cin tsutsar, kuma cikin damsal yana daga masu sauƙin kai. Amma don Allah kada a ɗora wa kifi abin da ya fi ƙarfinsa. Wani ya ci, wani ya kalle su ya wuce. Yaya Abba, waɗanda ka gani in jajaye ne masu son haske, ba cin murjani suke ba, rufe shi suke su tare masa haske. Ka samu siririn tiyo na iska ka zuƙe su kullum kafin su yi yawa. In za ka zuba magani irin Flatworm Exit, ka zuƙe iya iyawarka tukuna, ka tanadi gawayin tacewa da ruwan canji, domin in suka mutu da yawa lokaci guda gubar jikinsu tana iya kashe kifi. Wanda ke cin akurofora daban ne, launin murjanin yake ɗauka ba ka ganinsa, sai dai tabon cizo da ƙwai a gindi. Wannan babu kifin da zai raba ka da shi. Duk sabon dashe ka tsoma shi a maganin wanki, ka yanke shi daga tsohon gindinsa ka manna a sabo, saboda maganin ba ya kashe ƙwai.

Hajiya Larai Legas: Yauwa. Kun zagaya kun dawo inda nake. In wanki da yanke gindi ne ke hana tsutsa, me kifin ya zo yi?

Maman Hanif: Ya zo ne don uwargida ta daina ganin ana zuba kuɗi a ruwa Hajiya 😂 Ni ina bayan matar Abba. A bar musu kilawun ɗinsu mana, ai ocellaris na ƙyanƙyasa ne, yana da juriya, yana cin kowane abinci. Nawa biyu suna nan lafiya lau.

Malam Habu Jidda: Maman Hanif, juriya kam yana da ita, ba a ja. Amma Abba na da hama. Kilawun in bai samu anemoni ba, wato halittar teku mai yatsu da yake zama cikinta, duk abin da ke da yatsu masu kaɗawa zai ɗauka gida, ya yi ta birgima a ciki. Babban murjani zai iya jurewa, ɗan dashe mai kai ɗaya sai ya ƙi buɗewa har ya janye daga ƙashinsa. Na biyu, in suka haɗu biyu babban ya rikiɗe ya zama mace, ita kuma in ta fara ƙwai cizon hannu take yi. Tankin dashe kullum hannunka na ciki. Kana riƙe da dashe da gam, a cije ka a tsakanin yatsu, ka saki.

Maman Hanif: Tawa ma tana cizo, ai wasa ne.

Abba Gwarinpa: To ɗan gobi rawaya fa, wanda ke zama kan reshe? Mai shago ya nuna min hotonsa, ƙarami ne ƙwarai.

Nura: Gobiodon okinawae. In kana da niyyar akurofora ka bar shi. A kanta yake zama, yana tsinkenta, in zai yi ƙwai kuma sai ya kankare naman reshe ya bar ƙashi fari. A babban gungu ba a lura, a dashe mai santimita 3 an gama da shi. Haka mandarin, kyau kamar me, amma ƙananan ƙwarin ruwa yake ci yini guda, tanki marar yashi mai dutse biyu kacal ba zai ciyar da shi ba. Ƙananan kifin enjel su ma tsinken murjani suke.

Sadiq Mai Tarwada: Ku yi haƙuri in sa baki a abin da ba fannina ba. Na taɓa jin ana cewa moli, baƙin nan da ake sayarwa a kowane shagon kifin ado, yana rayuwa a ruwan gishiri. Gaskiya ne ko labarin shayi?

Nura: Gaskiya ne Yaya Sadiq, kuma shawara ce mai kyau. Moli mai babbar ƙaya a baya asalinsa bakin tekun kudancin ƙasar Amurka zuwa Meziko ne, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. In aka ɗiga masa ruwan gishiri sannu a hankali, wasu cikin sa'o'i, wasu kwana biyu zuwa uku don a fi samun tabbaci, yana sabawa. Yana cin gansakuka, yana da arha, ba sai an jira jirgi ba. Kuma abin da zai faranta wa Anti Larai rai: wanda ya taso a ruwan daɗi ba ya ɗauke da farin ɗigon teku, na ruwan daɗin kuma ba ya rayuwa a gishiri. Rauninsa igiyar ruwa, in famfonka na da ƙarfi zai gaji. Ka ɗauki jinsi ɗaya, in ba haka ba su cika maka tanki da 'ya'ya.

Hajiya Larai Legas: Shi kansa ba zai kawo ba, amma ranar da dashen wani ya shigo da ita, ga wanda zai riƙe ta. Duk da haka cikin duk abin da aka lissafa moli ne kaɗai ban yi tsaki ba.

Kabiru Kaduna: Haba jama'a, mutum ya kashe kuɗin fitila da gishiri sannan ya sa moli? Ai uwargida sai ta ce an raina mata hankali.

Aminu Kano: Duk kun manta babban abu. Wuta. In aka ɗauke ta famfo ya tsaya, murjani zai ɗan jure, kifi ne ke fara haki. Ruwan gishiri ba ya riƙe iska kamar na daɗi, in ya yi zafi kuma ya ƙara raguwa. Kifi ɗaya ya mutu ƙarƙashin raga da dare a lita 85, kafin asuba amoniya ta taɓa komai. Ni a nan watan Afrilu da Mayu fanka biyu nake ɗora wa ruwa, duk da haka sai ya nemi 29. Abba, kafin kifi ka tabbata famfon igiya yana kan inbata, ka kuma ajiye famfon iska mai batir. Sannan fanka da hunturu duk shanye ruwa suke, tanki mai faɗi marar zurfi gishirinsa na hawa da sauri. Ciko da tataccen ruwa marar gishiri kullum, ba ruwan rijiya ko na leda ba.

Abba Gwarinpa: Inbata akwai Yaya Aminu, famfon igiya da na dawo da ruwa duk suna kai. Fitila ce kawai ba ta kai.

Sadiq Mai Tarwada: Usman, kai da ke bakin teku, ba sai ka kamo masa ka aiko ba? Har da murjanin.

Usman Port Sudan: A'a ya akhi, wannan ba hanya ba ce. Sanganeb da Dungonab wuraren kariya ne, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 2016. Murjani mai ƙashi kuma duk yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ake karewa tsakanin ƙasashe, ba ya tsallake iyaka sai da takarda. Ai amfanin abin da Abba ke yi kenan, a yanka na gida a raba, a bar na teku. Ko kifin ma, ruwanmu gishirinsa ya kai 40 cikin dubu, naku 35, sai an saba masa. In kuna son ɗan Bahar Maliya akwai Pseudochromis fridmani, mai launin shunayya, ana ƙyanƙyasarsa a tanki, yana farautar ƙananan tsutsotsi cikin dutse. Amma shi ma yana da 'yar zuciya, ba zan haɗa shi da mai layi shida ba.

Abba Gwarinpa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga inda na tsaya. Tang da gobi sun fita. Kilawun zan haɗa wa yara ƙaramin tanki daban in hali ya yi. Wannan satin turokas da zuƙe tsutsa, in fara ɗiga naitiret kaɗan kamar yadda Hajiya ta ce kafin kifi ya iso. Sai bileni, ya yi wata guda a tankin killacewa ina kallonsa. Na biyun ne ban yanke ba, tsakanin ras rawaya da mai layi shida.

Kabiru Kaduna: Mai layi shida.

Malam Habu Jidda: Rawaya. Ko wanne ka ɗauka dai, da bilenin kansa, duk masu tsalle ne, tankinka kuma ba zurfi. Ka yi murfin raga mai ido kamar milimita 6 kafin su shiga, ba gilashi ba, gilashi zai riƙe zafi ya rage haske. Ka toshe har ramin da wayoyi ke fita.

Hajiya Larai Legas: Wata guda na kallo ba magani ba ne, cutar tana iya ɓuya a gefen kansa inda yake numfashi ba ka ga ɗigo ko ɗaya ba. Amma tankinka ne. Ni dai ka sani, jar montiforar da muka yi maganar musaya, in ta zo sai ta yi kwana 76 a tankin gefe kafin ta ga sauran. Kuma ka sa safar hannu da tabarau in za ka yanka zowar nan, na ga hoton da ka sa jiya hannunka tsirara.

Abba Gwarinpa: An gama Hajiya. Malam, ragar sauro ta taga za ta yi murfin?

Malam Habu Jidda: Idonta ya yi ƙanƙanta, za ta cinye maka haske, ta ƙarfe kuma tsatsa za ta yi ta zuba a ruwa. Nemi farar raga ta roba, ka ɗaura a firam ɗin alminiyon ko na bututun roba. In ba ka samu a Abuja ba ka yi min magana ta gefe, akwai mai dawowa daga Umara ƙarshen wata.